Idan Hoton da Aka Ɗauka Ya Lalace: Tambayoyin da Masu Tace Bidiyo Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da suka sha zuwa mini daga abokan sana'a, masu aikin biki da masu aikin fim, har da waɗanda suka tono tsohon kaset a ƙasan akwatin mahaifiyarsu suna so su ga fuskar wani da ya rasu. Na jera su yadda suka fi zuwa, ba yadda suka fi muhimmanci ba.

Na sa kati a kwamfuta, fayil ya ƙi buɗewa. Me zan fara yi?

Ka janye hannunka tukuna. Yawancin aikin da na gani ya salwanta, ba kamara ce ta kashe shi ba, gaggawar edita ce a sa'a ɗaya ta farko. Hankali ya tashi, sai a yi ta cire kati ana mayarwa, a sa shi a waya, a gwada wannan manhaja a gwada waccan, kowace tana rubuta nata a kansa.

A jikin babban katin SD akwai ɗan makulli a gefe. Tura shi ƙasa, yadda ba abin da zai iya rubutu a kai. Sannan ka kwafe katin gaba ɗaya, da duk foldojinsa, har waɗanda kake ganin ba su da amfani, zuwa had dis. Duk gwajin da za ka yi, a kan kwafin za ka yi shi. Idan Windows ta ce katin na da matsala, tana neman izinin gyara shi ko yi masa fomatin, ka ce a'a. Gyaranta na daidaita tsarin kati ne, ba ruwanta da bidiyonka, kuma takan daddatsa fayil ta bar maka gutsattsari.

Bayan haka ka gwada buɗe kwafin da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka kuma duba shi da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil. Idan girman fayil ya nuna gigabait uku ko huɗu amma ba ya buɗewa, da sauran rai. Idan ya nuna sifili, matsalar ta kati ce, ka duba tambaya ta uku.

Batir ya mutu ana tsakiyar ɗaukar ɗaurin aure. Fayil yana nan da girmansa amma ba ya tashi. Ya tafi ke nan?

Galibi bai tafi ba, kuma wannan ce matsalar da ta fi daɗin magani. Fayil na MP4 da na MOV kashi biyu ne. Akwai hoton da sautin kansu, waɗanda kamara ke zubawa a kati tun daga lokacin da aka danna maɓalli. Akwai kuma ɗan jadawali da ake kira moov, wanda ke faɗin inda kowane firam (hoto guda daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) yake da tsawonsa. Kamarori da yawa ba sa rubuta wannan jadawali sai an danna tsayawa. To idan batir ya mutu, ko an ɗauke wuta ga wanda ya jona kamara da soket, ko wani ya zare kati, kaya suna nan a rumbu, takardar lissafi ce babu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da katin cikin kamarar da ta yi ɗaukar, da cikakken batir, bayan ka riga ka kwafe shi. Kamarorin Sony da GoPro da yawa sukan gane cewa an bar fayil a buɗe, su nemi izinin rufe shi. Sony takan bar irin wannan fayil da sunan da ya ƙare da RSV, kada ka goge shi don baƙon suna.

Idan kamara ba ta yi ba, akwai manhaja kyauta mai suna untrunc. Tana buƙatar lafiyayyen fayil guda daga kamarar nan ɗin, da saitin nan ɗin: girman hoto ɗaya, yawan firam ɗaya. Daga shi take koyon yadda kamarar ke jera kayanta, sai ta sake gina jadawalin. Idan ba ka da lafiyayyen fayil, ɗauki kamarar ka yi minti ɗaya ko bangon ɗaki ne, muddin ba a taɓa saiti ba. Wani lokaci hoto ya dawo murya ta zame kaɗan, wannan a kan tebur ake daidaita shi.

Tsofaffin kamarorin da ke ɗauka a AVCHD, masu fayil MTS, ba su cika shiga wannan hali ba, don tsarinsu bai dogara da jadawalin ƙarshe ba.

Yaron shago ya yi wa kati fomatin kafin a kwashe aiki. Akwai dabara?

Akwai, idan ba a sake ɗauka a kansa ba. Fomatin na gaggawa jerin sunaye yake sharewa, bidiyon yana kwance har sai an rubuta sabo a gurbinsa. Manhajar PhotoRec kyauta ce, tana bin kati lungu-lungu tana tsinto abin da ya yi kama da bidiyo. Sharaɗi ɗaya: abin da ta tsinto a ajiye shi a wani dis daban, ba a katin ba.

Kada ka yi mamaki idan wasu fayilolin sun dawo amma sun ƙi buɗewa. Kamara takan warwatsa babban fayil a wurare daban-daban, musamman wadda ke rubuta ƙaramin kwafi tare da babba a lokaci guda. A nan manhajojin kuɗi da aka gina don bidiyo sun fi PhotoRec. Wasu kamarorin kuma fomatin ɗinsu na share kati ne ƙarƙaf, haka ma SSD, sabon nau'in dis na cikin kwamfuta, yakan share abin da aka goge da kansa cikin ɗan lokaci. Waɗannan sai haƙuri.

Sabon kati ne, 128GB, amma duk abin da aka ɗauka bayan awa ta farko ba ya buɗewa.

Katin jabu aka sayar maka. Ana ɗaukar ƙaramin kati, a ce mai 8GB ko 16GB, a sauya masa bayani ya riƙa cewa shi 128GB ne. Kamara ta yarda, ta yi ta zuba masa. Da ya cika, sauran ko dai ya bi iska, ko ya hau kan na farko ya danne shi. Sunayen fayiloli za su fito reras da girmansu, cikinsu fanko.

Wannan ba shi da magani, don abin da ba a taɓa rubutawa ba babu mai dawo da shi. Na taɓa rasa kamu da rabin dina a haka, katin da na saya da safe a hanyata ta zuwa wurin biki saboda araha. Tun daga ranar, duk katin da ya shigo hannuna sai manhajar gwajin kati ta H2testw ta cika shi taf ta karanta kafin ya ga cikin kamara. Yana cin awa ɗaya ko biyu. Masu Mac da Linux suna da F3.

Bidiyo na tafiya lafiya, sai hoto ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kore da ruwan toka, bayan daƙiƙa ɗaya ya dawo. Me ke jawo haka?

Yadda ake matse bidiyo ne. A tsarin matsewa na H.264 da H.265, ba kowane firam ne cikakken hoto ba. Ana ajiye cikakke guda, sai waɗanda ke biye su riƙa faɗin abin da ya canza kawai: hannu ya ɗaga, kai ya juya. Idan ɗan bayani ya lalace a tsakiya, duk firaman da ke bayansa sun gina a kan ɓaraka, haka za su yi ta jan ta har cikakken firam na gaba ya zo ya share. Shi ya sa lalacewar ƙwayar bayani ɗaya take cin rabin daƙiƙa ko fiye.

Kafin ka ɗora wa kamara laifi, sake kwafo fayil ɗin daga kati da wata na'urar karanta kati da wata waya. Sau da yawa na asali lafiyarsa ƙalau, a hanya ya lalace. Idan ɓarakar tana fitowa a wuri ɗaya ko da yaushe, to a jikin fayil take. Idan tana yawo, yau nan gobe can, kwamfutarka ce.

Manhajar tacewa ta Premiere tana maƙalewa a fayil ɗin, ko murya ta riga baki. Lalacewa ce?

Sau da yawa ba ita ba ce. Wayoyi suna ɗauka da yawan firam mai hawa da sauka, yanzu 30 an jima 27, gwargwadon haske da zafin waya. A kallo ba a ganewa, amma a tace doguwar ɗauka murya takan zame. Wuce da fayil ɗin ta manhajar juya bidiyo ta HandBrake, ka zaɓi yawan firam tsayayye, matsala ta ƙare.

Haka ma H.265 mai nauyi daga sabbin kamarori: tsohuwar kwamfuta ce ta gaza, ka yi ƙananan kwafi na aiki, ka koma kan na asali a lokacin fitarwa. Jan allo mai cewa ba a ga fayil ba kuwa, folda aka matsar ko aka sauya wa suna. Nuna wa manhaja sabon wurin.

Fayil mai 'yar ɓaraka da manhajar tacewa ta ƙi karɓa, manhajar FFmpeg takan iya zuba shi a sabon mazubi, wato sabon fayil, ba tare da ta taɓa ingancinsa ba. Idan hakan bai yi ba, juya shi zuwa tsarin bidiyo na ProRes ko DNxHR, inda kowane firam ke tsaye da ƙafarsa, sai ka yanke ruɓaɓɓen wurin daidai.

Firam uku ko goma sun lalace a tsakiyar magana mai muhimmanci. Yaya zan rufe?

A nan ake gane edita. A firam 25 cikin daƙiƙa, firam ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Cire su, ka bar manhaja ta ƙirƙiro na tsakiya daga na gaba da na baya. Morph Cut a Premiere da Smooth Cut a manhajar tacewa ta DaVinci Resolve don haka aka yi su, kuma suna kyau idan mutum na zaune yana magana, baya ba motsi. Idan rawa ake, ko ana liƙi hannuwa na giftawa, za su narkar da fuska su haɗa ta da gyalen wata. Kada ma ka gwada.

Abin da ya fi daɗewa yana aiki shi ne mafi tsufa: bar murya ta ci gaba, ka ɗora wani hoto a kai. Waliyyi na magana hoto ya farfashe, sai ka yanka zuwa fuskokin masu sauraro, ko tiren goro da dabino, ko hannuwa da aka ɗaga ana fatiha. Mai kallo zai ɗauka ado ne. Saboda irin wannan rana nake roƙon masu kamara su riƙa ɗebo mini irin waɗannan ƙananan hotuna da yawa, ko da suna ganin ɓata kati ne.

Idan ɓarakar a kusurwa ɗaya take kuma kamara na kan ƙafa, yanko wannan kusurwa daga lafiyayyen firam ka liƙa. Idan a gefe take, ɗan zuƙo hoton. Wanda ya ɗauka a 4K zai fitar a 1080 yana da fili sosai.

A fim kuwa, idan jarumai ba su watse daga lokeshin ba, faɗa wa darakta yau ɗin nan. Sake ɗaukar fitowa guda ya fi kwana uku ana faci.

Hoton zauren biki yana ƙyafta-ƙyafta, wasu layuka na hawa sama.

Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Kamarori da wayoyi da yawa suna zuwa a saitin Amurka, firam 30 ko 60, wanda aka yi don wuta mai 60. Su biyun ba sa jituwa a ƙarƙashin fitilun LED masu araha da dogayen fitilu. Maganin tun a wurin ɗauka ne: firam 25 ko 50, shata, wato saurin ƙyaftawar idon kamara, a 1/50 ko 1/100. Ƙaramin janareta yakan ɓata lissafin, don juyinsa na hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa.

Idan an riga an ɗauka, Deflicker na DaVinci Resolve Studio yana ragewa sosai. Wanda ba shi da shi, ya ɗora kwafin hoton a kan kansa, ya matsar da na sama da firam ɗaya, ya rage kaurinsa zuwa rabi. Yana kashe ƙyaftawar, sai dai duk abin da ke motsi da sauri zai yi inuwa biyu.

Farar shaddar ango ta ƙone fat, ba a ganin aikin wuya.

Matsalarmu ce ta kullum: baƙar fata, farin kaya, ranar ƙarfe biyu bayan Juma'a. Mai kamara ya buɗe don fuska ta fito, riga ta tafi. Duba ma'aunin haske a manhajarka. Idan saman ya miƙe ya zama layi ɗaya shimfiɗaɗɗe, babu komai a wurin, rage haske toka kawai zai ba ka. Idan akwai ɗan tudu da kwari, ja hasken sama ƙasa, zare zai fito. Duhu ya fi sauƙin ceto, ko da yake yana zuwa da tsaki-tsaki, wanda manhajar Neat Video ko mai rage tsaki na Resolve ke wankewa.

Murya fa? Sifika ta cika ta har tana tsagewa.

De-clip na manhajar gyaran sauti ta iZotope RX yana sake zana kan igiyar sautin da ya yanke, Audacity ma tana da Clip Fix kyauta. Tsagewa kaɗan tana gyaruwa. Wadda aka ajiye kamara a bakin sifikar DJ awa uku ba ta gyaruwa. Nemi waƙar ta asali ka ɗora, ka bar ɗan ihun jama'a da guɗa a ƙasa don kada wurin ya mutu. Gurnanin wuta kuma a ma'aunin amo a 50 Hz yake zaune, da 100 da 150, a nan za ka datse.

Ina da kaset na VHS na bikin iyayena. Hoton na rawa, da fararen layuka.

Kafin komai duba ta tagar kaset ɗin. Idan ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce. Kada ka sa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa duk kaset da ya biyo baya. A nan arewa zafi da ƙurar hunturu sun fi yi mana ɓarna, amma kaset da ya yi damina a ɗaki mai yoyo yana kamawa. Wanda ya daɗe a ajiye, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya kafin a kunna.

Fararen layuka masu giftawa wurare ne da maganaɗisun zaren ya goge. Rawa da karkacewar saman hoto kuwa daga rashin daidaiton gudu ne, kuma na'urar da ake kira TBC ce ke miƙar da shi, ko wasu na'urorin DVD masu ɗauka na Panasonic idan aka ratsa siginar ta cikinsu. Ɗan yagaggen layin da ke can ƙasa a kowane VHS yake, tsohuwar talabijin ɓoye shi take yi. Rufe shi da baƙi kawai.

Ɗauko shi a girman hoto 720 da 576, firam 25, yadda PAL, tsarin talabijin na Najeriya a zamanin kaset, yake, kada ka matse shi sai an gama gyara. Hoton kaset saƙa biyu ne, layukan mara da na cika, shi ya sa kake ganin haƙoran zarto a gefen abin da ke motsi. Manhajar QTGMC ta fi kowa warware wannan. Wanda kasetinsa daga talabijin ɗin Nijar aka naɗo ya ga ya fito ba launi, kada ya ce ya lalace: Nijar wani tsarin launi daban mai suna SECAM ta yi amfani da shi, sai an sami na'urar da ta san shi.

Wannan ba zancen biki kaɗai ba ne. Finafinan Hausa na bidiyo na farko, tun daga Turmin Danya a 1990, a kaset aka yi su, kuma zaren kaset ba ya jiran kowa.

MiniDV da VCD fa?

MiniDV lambobi ne a kan zare, don haka ta wayar FireWire ake kwafo shi, kusan 13GB kowace awa, ba ta jan waya da fara da rawaya ba. Idan ka ga hoto ya rabu gida-gida a kwance kamar tabarma, yawanci kan kamara ne ya toshe, ba kaset ba. Sa kaset mai wanke kai na daƙiƙa kaɗan. Wurin da ya ƙi, kwafo shi sau biyu ko uku, don ba lallai ɓarakar ta faɗo a firam ɗaya ba, sai ka haɗa masu kyau. Wanda aka ɗauka a LP, saitin da ke ƙara wa kaset tsawon lokaci, ya fi son kamarar da ta ɗauke shi.

VCD kuwa girman hotonsa 352 da 288 ne, haka aka haife shi, ba lalacewa ya yi ba. Faifan da ya karce, a wanke shi daga tsakiya zuwa baki, a gwada manhajar ceto ta IsoBuster ko ddrescue, a kuma gwada na'ura fiye da ɗaya. Karcewar saman faifai, gefen rubutu, ta fi ta ƙasa muni, don bayanin a nan kusa yake.

Mun sami gwangwanayen fim na da, masu zare mai huji a gefe. Suna warin tsami.

Warin nan alama ce cewa zaren ya fara cin kansa. Yana ƙanƙancewa, ya lanƙwashe, ya yi ƙarfi, kuma tururin yana harbin na kusa da shi. Ware masu warin, ka kai su wuri mai sanyi marar laima. Kada ka ɗora a majigi don ka ga abin da ke ciki, haƙoransa za su yayyaga hujin da ya riga ya matse. Idan zaren mai faɗin milimita 35 ne kuma ya girmi farkon shekarun 1950, yana iya zama naitiret, wanda ke kamawa da wuta kamar fetur.

Wannan aikin masu na'urar sikanin ne, firam bayan firam. Bayan nan ne ake bin ƙura da karce a kwamfuta. Kuma ana dacewa: Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Ba sai in ba wa AI ta gyara komai ba?

Tana wanke tsaki, tana ƙara girma, tana cike firam, kuma a kan gini da mota da itace tana burgewa. Amma ba dawo da abin da ya ɓata take ba, zato take yi ta zana. A tsohon kaset inda fuska ba ta fi ƙwayar wake ba, za ta ƙera ido da haƙora na wani mutum daban. Na taɓa gwadawa a kan hoton wata tsohuwa, ta goge mata tsagen fuska tas, ta ɗauka karce ne. Jikarta da ta gani ta ce, "Wannan ai ba Hajiya ba ce." Idan za ka yi, sassauta ƙarfinta, ka kuma ba masu kaya na asalin tare da gyararren.

Kwafin da ya rage shi ne wanda aka tura ta WhatsApp.

Yi aiki da shi, amma ka bi duk wanda ya taɓa riƙe na asali tukuna. Nan gaba a tura a matsayin takarda (Document), ba a matsayin bidiyo ba.

Had dis ɗina yana ƙas-ƙas.

Kashe shi yanzu. Hannun da ke karatu ne yake dukan faranti, kowane kunnawa ƙarin karce ne. Kada a sa shi a firji, kada a buɗe shi a shago. Idan aikin ya kai a kashe masa kuɗi, sai masu ɗaki marar ƙura. Dis da bai fara ƙara ba, yana dai jan ƙafa, ddrescue za ta kwashe lafiyayyun wurare da farko sannan ta koma kan masu wuya.

Wani sashe ya tafi, ba yadda za a yi. Yaya zan faɗa wa mai biki?

Da bakinka, kafin ya gani da idonsa. Kada ka miƙa filash ka yi shiru kana fatan ba za a lura ba. Uwar amarya ta san duk wanda ya zo, da abin da ya sa, da lokacin da ya shigo.

Ni dai nakan je da kaina, in ce, "Alhaji, an sami matsala daga wajenmu. Daga shigowar amarya zuwa yanka kek babu. Ga abin da muka ceto, ga abin da nake so ka taimaka mini da shi." Abin da nake nema shi ne a yi sanarwa a zauren WhatsApp na dangi da na ƙawayen amarya, duk wanda ya ɗaga waya a wannan lokaci ya turo. A bikin yanzu ba a rasa waya ashirin a sama. Wasu a tsaye, wasu na rawa, wata da yatsa a kusurwa, amma idan aka jera su a kan murya ɗaya aka daidaita launi, sukan ba da minti biyar masu rai. Mai hoton kati ma a karɓi nasa a cike giɓi. Sannan in rage kuɗin aiki tun kafin a tambaya, in kuma riƙe katin ban sake ɗauka a kansa ba har sai sun kalla sun ce sun karɓa.